Hannun Inna na Dama

Na sha ɗaukar biro don in rubuta wannan labari, sai in ajiye. Abin da ke hana ni shi ne, mutumin da zan yi ƙorafi a kansa ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk cikinmu babu wanda ya kai shi shan wahala a jinyar nan. Sai da na tambaye shi, ya ce, "Rubuta, Yaya. Kada ki rage komai." To ga shi na rubuta, ko Allah Ya sa wani gida ya tsira daga abin da ya sami namu.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Shanono, irin garuruwan nan da in ka fita ta bayan gida ka faɗa gona, in ka ƙetare gonar ka shiga gidan wani. Tun rasuwar Baba, Inna ke riƙe da kanta da sana'ar zoɓo da kunun aya. Ni ce 'yarta ta fari, ina aure a ƙauyen da ke gaba da namu. Saboda alkunya ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "'yar nan." Nasiru kuwa shi ne auta, kuma Auta take kiransa har yau da yake da mata da ɗa.

Da aka jawo wuta ɓangarenmu, sai muka haɗu muka saya mata firiza ta hannu, don ta huta da aiken sayo ƙanƙara. Saura a ja waya daga zaure zuwa ɗakin da za a ajiye ta. Kawu Sule, yayan Inna, ya ce ya san wani Malam Iliya a Bichi wanda ya yi makarantar koyon aikin lantarki, yana da takardarsa, a kira shi.

Inna ta ce, "Haba Yaya! Ina da mai wuta a cikin gida, in je in ɗauko bare? A ce me a gari?"

Nasiru ya yi cin rani a Kano wajen wani mai wayarin, yana riƙe masa tsani yana miƙa masa kaya. Ya dawo da filaya da ɗan abin gwajin nan mai kama da biro, mutanen gari suka sa masa Injiniya. Fanka ta tsaya, shi ake kira. Ƙwai ya mutu, shi ne. Yawanci ko sisi ba ya karɓa. Shi ya yi aikin cikin yini guda, firiza ta kama gurnani, Inna ta yi ta sa masa albarka tana kallon Kawu ta gefen ido.

Ba a daɗe ba muka lura firizar tana ɗan ja. In ka taɓa murfinta sai ka ji tsirrr a yatsa. Nasiru ya ce duk firiza haka take, a riƙa sa silifas kawai. Muka mai da abin wasa. In baƙuwa ta taɓa ta yi tsalle, sai a yi dariya a ce firizar Inna ba ta son baƙi. Haka aka yi azumi da ita, aka yi sallah, har damina ta faɗi.

Ranar wata Juma'a na zo gaishe da Inna. An kwana ana ruwa, ɗakin ya yi yoyo, simintin duk ya jiƙe. Ina tsakar gida ina wanke aya, ta idar da walha ta shiga ɗauko wa wata yarinya zoɓo, ƙafarta ba takalmi. Ban ji ihu ba. Wani sauti na ji, kamar mutum yana son yin magana an shaƙe shi. Da na leƙa, na gan ta a tsaye ta sandare, hannunta na dama ya damƙe mariƙin firizar, jikinta yana kakkarwa, idonta a kaina.

Na yi kan makunnin bango na kashe. Ba abin da ya sauya. Na kunna na sake kashewa, tana nan yadda take. Ban san wa ya sanya mini tunanin taɓarya ba, Allah ne dai. Na fita da gudu na ɗauko, na doki damtsen uwata da ita da dukkan ƙarfina. Sai a bugu na biyu hannun ya saki, ta zube.

Kafin ta farfaɗo gida ya cika. Wannan ya ce a ɗura mata madara, wancan ya ce manja. Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ta sa aka haƙa rami a jiƙaƙƙen yashi aka binne ƙafafun Inna, wai wutar da ta rage a jiki ta tsiyaye ƙasa. Duk aka yi. Da ta buɗe ido, abin da ta fara cewa shi ne, "Ina Auta? Kada wanda ya yi masa faɗa."

Ciwon da muka gani bai taka kara ya karya ba. Wani farin tabo ne a tafin hannu kamar faɗin kwandala, da wasu ƙanana a gindin yatsu, sai ɗan baƙin ɗigo a dunduniyar hagu. Inda na doke ta ma ya fi ban tsoro. Mai kemis ya zo ya wanke, ya shafa shuɗin maganin nan, ya ba da ƙwayoyi. Inna tana ta cewa, "Ni fa ko zafi ba ya yi mini." Muka yi hamdala. Har sadakar ƙosai aka yi. Ashe rashin zafin nan shi ne babban abin tsoro, ba mu sani ba.

Ban koma gidana ba, maigidana ya ce in zauna in ga yadda hali zai yi. Cikin makon nan hannun ya fara kumbura har wuyan hannu. Yatsu uku, na tsakiya da biyun da ke bin sa, suka yi sanyi kamar ba a jikin mai rai suke ba. In na matsa su in ce, "Inna, kin ji?" sai ta ce ta ji, alhali idonta yana wani wajen, ban ma taɓa ba tukuna. Gwaggo ta kawo zuma da gashin zomo ta lulluɓe ciwon, ta ce da shi aka yi wa kowa maganin ƙuna tun kaka da kakanni. Na ce a tafi asibiti, aka ce ina da gaggawa. Inna kanta ba ta so. Daga baya na gane dalilinta: zuwa asibiti yana nufin abin ya girma, in kuwa ya girma, bakin mutane zai koma kan ɗanta.

Wari ne ya raba gardama. Wata safiya na kwance ƙyallen, ƙuda suka taso, ga zazzaɓi ya rufe ta tana sambatu. Nasiru ya goya ta a babur, na zauna a baya na tallafe ta, muka bi ta cikin taɓo zuwa asibitin ƙaramar hukuma. Sau biyu muna sauka yana tura babur ɗin, ni kuma ina riƙe da ita a gindin dawar mutane.

Mun yanki kati da hantsi, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Matashi ne, da alamar gajiya a fuskarsa. Ya ce, "Inna, me ya same ki?"

Ta ce, "Tukunya ce, ɗan nan. Tukunyar zoɓo na ɗauka da zafi."

Na buɗe baki, ta harare ni. Likitan ya matso. Ya jujjuya hannun, sannan ya ce a cire mata takalmi. Da ya ga ɗigon dunduniyar sai ya ɗago.

"Inna, tukunya ba ta shiga ta hannu ta fita ta ƙafa."

Nasiru da ke tsaye a bakin ƙofa ya ce, "Wuta ce, likita. Firiza ce ta ja ta."

Likitan ya tambayi tun yaushe. Da muka faɗa masa, ya ajiye biro ya dafe goshi. Abin da ya ce har yau yana kunnena: "Wutar lantarki daga ciki take ci. Abin da kuka gani a fata ƙofa ce kawai. Duk wanda ta riƙe haka, ko yana tafiya da ƙafarsa, ranar ya kamata a kawo shi." Ya ce aikin ya fi ƙarfin wurinsu, sai Kano. Nas ɗin da ta zo tsince gashin zomon da ɗan ƙarfe ta yi mana faɗa kamar ta ari baki. Na ji haushinta a lokacin, amma ita ce ta bi mu har bakin mota ta gyara wa Inna ledar ƙarin ruwa, ta ce in riƙe ta sama da kai.

A babban asibitin birni aka ce babu gado. Muka shimfiɗa tabarma a baranda tare da wasu da yawa irinmu, kowa yana gadin majinyacinsa da ido, kowa yana sauraron a ce an sallami wani, ko kuma wani ya cika. Ban taɓa zaton zan ji kukan mutuwa a cikin ɗaki, wani ɓangare na zuciyata ya ce ga gado ya samu ba. Na nemi gafarar Allah a kan wannan, amma haka wurin ke mai da mutum.

Da muka sami gadon, sai aka shiga saye. Safar hannu, auduga, bandeji, allura, ruwan wanke ciwo, komai sai an rubuta maka ka fita ka nemo. Wannan taga a biya, waccan taga a buga hatimi, ka dawo a ce wanda ya rubuta ya tashi. Ni da ban san birni ba, da na ɓace ba don Hajiya Falmata ba. Gadon 'yarta ne kusa da namu, tukunyar gas ce ta ƙone yarinyar. Mutanen Barno ne asalinsu amma a Kano aka haife ta. Ita ta nuna mini kowace taga, ta ara mini fulas, ta koya mini in riƙa zuwa layin magani kafin a buɗe. In an kawo musu abinci daga gida sai ta kira sunana ta ce, "Rabi, matso. A nan babu baƙo." Ban san da me zan saka mata ba. Allah Ya ba 'yarta lafiya.

Wankin ciwo shi ne tashin hankalin kowace safiya. Tsakiyar ciwon ba ya ji, amma gefensa, inda naman ke da rai, nan ne azaba. Inna mace ce da ban taɓa jin kukanta ba ko ranar da aka fita da Baba. A ɗakin nan na ji tana kiran uwarta da ta rasu tun ina goye. Aikina in danne kafaɗarta in kau da kai.

Akwai kuma wata wahalar da ba a rubuta ta a kati. Matar da ko sunana ba ta iya faɗa, yau ni ce mai kai ta bayi, ni ce mai yi mata wanka. Ranar farko ta ƙi. Ta ce a kira matar Auta daga gida. Na ce, "Inna, mai jego ce, ba za ta iya zuwa ba. Ni ɗin ce dai." Ta juya fuska bango, na cuɗa mata baya, hawaye yana zuba mata yana zuba mini.

Nasiru kuwa ba ya shigowa. Ko lokacin ziyara ya yi, sai ya tsaya ta taga ya miƙo abinci. Da aka ce jininta ya yi ƙasa, shi ya fara miƙa hannu aka ɗiba. Da aka ce ana son ƙari, ya ce a sake ɗibar nasa, suka ƙi, ya shiga gari ya nemo abokansa na cin rani. A masallacin asibiti yake kwana. Tumakin Inna suka tafi, gyaɗar da na ajiye ta iri ta tafi, sai ga shi wata rana ya zo a ƙasa. Na ce ina babur? Ya ce ya bar shi a wajen wani. Ban ƙara tambaya ba.

A mako na uku aka ce za a shiga da ita tiyata. Aka hana ta abinci tun dare, muka jira har la'asar, aka ce an kawo 'yan haɗarin mota, sai wani jiƙon. Da ranar ta zagayo, zazzaɓi ya dawo, aka sake ɗagawa. Kowace safiya in an kwance bandejin sai in duba inda baƙin ya tsaya. Jiya yana gaɓar farko, yau ya haura. Ina gani da idona yana tafiya, kuma babu wanda zan riƙe. In na tari likita a hanya ya ce, "Muna sane da ita, Hajiya, a yi haƙuri." Na san ba ƙarya yake ba, na ga yawan mutanen da ke bin sa. Amma haƙurin ba ya tsayar da baƙin nan.

Ranar da aka ɗaga na biyun ne na fita na sami Nasiru a gindin wata darbejiya. Duk abin da na haɗiye tun daga gida ya taso.

Na ce, "Ka ce duk firiza haka take! Ka ce a sa silifas! Shiga ka ga hannun, me ya sa ba ka shiga? Na kashe makunnin nan, Nasiru, na kashe, wutar ba ta ɗauke ba. Wane irin aiki ka yi mana?"

Mutane suna kallonmu. Bai ɗago ba. Can ya ce, "Yaya, wallahi yadda na ga ana yi haka na yi. In na haɗa, ƙwai ya kama, sai in ce aiki ya yi. Ban san cewa ban sani ba."

Na so in ci gaba, amma na ga wuyansa duk ya zama ƙashi. Na zauna a gefensa. Muna nan zaune har aka kira sallah.

Da babban likita ya zo zagaye, ya faɗa mana a fili cewa yatsu ukun sun mutu, kuma in ba a cire su ba za su ja sauran hannun. Nan wayata ta fara ruri da kiran mutanen gida. Gwaggo ta ce kada mu kuskura, akwai mai magani a wani ƙauye bayan Watari da ke tayar da naman da ya mutu, kuma mutum ya koma ga Ubangijinsa da gaɓoɓinsa cikakku. Wani ɗan uwa ya ce likitoci yanka kawai suka sani. Wata ta ce jifa ne, saboda cinikin Inna ya fi na kowa a azumin bana. Kawu Sule ya zo da kansa, ya tsaya a kan gadon yana kallon ƙanwarsa. Ni kaina na rasa inda zan sa raina. In na ce a yanke, har abada ni ce na ce. In na ce a bari, hannun ya tafi, ni ce dai.

Inna ce ta fitar da mu. Ta ce wa likitan, "Ɗan nan, babban yatsa da manuni fa?"

Ya ce, "Muna sa ran za su tsira, in an yi da wuri."

Ta ce, "To ai zan iya jan carbi. A cire."

An yi aikin a mako na huɗu. Bayan wani lokaci aka sake shiga da ita aka yanko fata daga cinya aka lulluɓe tafin. Ciwon cinyar ya fi damunta fiye da na hannun. Ranar da aka fara buɗe hannun a gabanta, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce in rufe. Daga ranar kullum yana cikin mayafi.

Sai da gero ya fara fitar da kai muka dawo gida. Gonar Nasiru ciyawa ta cinye, don ba a yi mata maimai ba. Ta Inna kuwa samarin unguwa sun yi mata gayya ba tare da an roƙe su ba. Gwaggo Asabe, wadda na yi niyyar ba zan ƙara yi wa magana ba, ita na tarar ta share ɗaki, ta dama kunu, ta kuma kwana tana yi wa Inna fifita. Ƙorafin da na ƙullo sai ya rasa inda zai sauka.

Kawu bai yi shawara da kowa ba, ya ɗauko Malam Iliya daga Bichi. Dattijo ne mai ɗan furfura, ba mai yawan magana ba. Abin da ya fara yi shi ne kashe wutar gidan gaba ɗaya daga tushe, ya kuma gwada ya tabbatar ta mutu kafin ya taɓa komai. Ya bi waya tun daga zaure, Nasiru yana riƙe masa da tsani. Ya nuna mana inda aka haɗa waya biyu aka naɗe da leda a ƙarƙashin kwano, daidai inda ruwa ke zuba. Ya buɗe wajen fis, ya zaro wata murtukekiyar waya da aka sa a madadinsa, ya ce wannan ko gidan zai ƙone ba za ta tsinke ba. Ya ce babu wayar da ake haɗawa da ƙarfe a binne a ƙasa, wadda in wuta ta ɓalle ta hau jikin firiza za ta bi ta can maimakon ta bi ta jikin mutum. Da ya zo kan makunnin, na gaya masa yadda na kashe bai yi ba. Ya kwance shi ya duba, ya ce an sa shi a kan wayar da ba ita ke ɗauke da wutar ba. "Injin zai tsaya, amma wutar tana nan a ciki. Ba laifinki ba ne, Hajiya."

Sannan ya ce, "Wa ya yi aikin?"

Inna ta fara cewa, "Ai wani ne daga..." Nasiru ya katse ta ya ce, "Ni ne, Malam."

Malam Iliya ya dube shi daga kan tsanin. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "An koya maka yadda wuta ke zuwa, ba a koya maka yadda take kisa ba. Kuma abin da ke ja, ba a sa masa silifas, kashe shi ake yi a nemi dalili."

Na tambaye shi, mu da ba mu san komai ba, ta yaya za mu gane na kirki? Ya ce a tambayi mutum inda ya koya da wanda ya koya masa, a nemi ganin takardarsa ba tare da jin kunya ba, a je a ga gidajen da ya yi a tambayi masu su. In bai yi maganar wayar ƙasa ba, ko ya gama bai gwada aikinsa da na'ura ba, a sallame shi ko da ɗan'uwa ne. Kuɗin aikinsa da na kayan da ya saya, da muka gani, bai kai abin da muke kashewa a 'yan kwanaki a asibiti ba. Wannan lissafin ban so na yi shi ba, shi ya yi kansa.

Bayan nan Nasiru ya bi gidajen da ya taɓa yi wa aiki ɗaya bayan ɗaya, yana roƙon su kira Malam Iliya ya duba. Kaɗan ne suka kira. Sauran suka ce sai an yi girbi, ko su ce, "Haba Injiniya, ai tana kawowa lafiya lau. Na Inna tsautsayi ne." Yakan dawo ya zauna a zaure ya haɗa kai da gwiwa. Ya san abin da ke cikin rufin kowane gida a cikinsu, shi ya sa shi da hannunsa, kuma ba shi da ikon shiga ya cire.

Inna tana samun sauƙi, alhamdu lillahi. Ciwon ya rufe, ko da yake tafin ya ɗan ƙanƙance, kuma in sanyi ya sauko takan ce yatsun da babu su suna yi mata ƙaiƙayi. Ƙullin leda ya gagare ta, don haka matar Nasiru ce ke zoɓon yanzu. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne tuwo. Ta gwada da yatsu biyu, loma tana zubewa, ta ƙi ci da hagu, ta ƙi a ba ta a baki. Da cokali take ci yanzu, a ɗaki, in ba kowa.

Kwanan baya na je gida, muna zaune a inuwa, sai ga Ladi maƙwabciyarmu ta yi sallama. Bayan gaisuwa da ya jiki, ta ce mijinta ya sayo mata injin markaɗe mai aiki da wuta, tana son Auta ya zo ya ja mata waya zuwa rumfa.

Nasiru yana bakin rijiya yana alwala, ya tsaya da buta a hannu. Kafin ya yi magana Inna ta ce, "Ba zai zo ba."

Ladi ta yi dariya. "Haba Inna, ɗan aiki ne fa, ba zai ɗauke shi komai ba."

"Na ce ba zai zo ba. Bai iya ba. Ki aika Bichi."

Tunda nake ban taɓa jin Inna ta ce Auta bai iya wani abu ba. Sai ta sa hannun hagu ta warware mayafin, ta ɗora na daman a kan gwiwarta, a buɗe, cikin hasken rana. Ban da ni da likitoci, babu wanda ta taɓa bari ya gan shi. Nasiru ma ranar ya fara ganinsa. Butar ta suɓuce masa.

Ladi ta dafe ƙirji ta yi salati. Ta ce sannu, ta ce Allah Ya sa kaffara ne, har da ƙwalla a idonta. Ta ɗan zauna jim, sannan ta miƙe tana gyara lulluɓi.

"Na Bichin nan an ce da tsada. Bari in leƙa wajen ɗan mai shayi, an ce shi ma yana ɗan taɓawa."

Na bi ta har zaure ina kiran sunanta, ina cewa ta tsaya ta ji. Ta ce tana sauri, ta bar tukunya a wuta.

Da na dawo, Inna ba ta rufe hannun ba. Nasiru ya durƙusa a gabanta yana kallonsa, kafaɗunsa suna rawa, ita kuma tana shafa kansa da yatsu biyun da suka rage mata. Allah Ya saka wa duk wanda ya tsaya mana, Ya kuma kare gidan Ladi, don mu dai mun faɗa, mun nuna, iyakar abin da muke da shi ke nan.